Rabin Ɗakin Labo

Labo ɗan kawuna matsoraci ne na bugawa a jarida. Tun yana yaro, in kaza ta yi tari a bayan rumbu sai a Danja za a tsinto shi. Amma a miƙa masa cokalin gini da igiya, ya jera maka bulo kamar haƙoran amarya.

Shekarar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu, can bayan Maska, dangar kara ce ta cece shi. Suna shigowa ta ƙofar gida a kan babura, shi kuwa ya sungumi 'yarsa Raudatu, ya sa kai ya fasa danga, matarsa Tani na biye. Maƙwabcinsa mai katangar bulo da ƙofar ƙarfe bai samu ta fita ba. Har yau ba a kiran sunan mutumin a gaban Labo.

A Funtua, 'yan kasuwar hatsi suka haɗa hannu suka sayi wani ɗan fili a tsakiyar gari don waɗanda suka gudo. Suka ɗauko Hajiya Rashida mai zanen gidaje. Ta jera ƙananan ɗakuna a kewaye, tsakar gida ɗaya, famfo, madafa, banɗaki, kowane iyali ɗaki guda. Labo na cikin magina. Da ta shimfiɗa musu zanen, ya kalla, ya sake kalla.

"Hajiya, ina ta biyun?"

"Ta biyun me, Malam Labo?"

"Ƙofa."

"Nan cikin gari ne. Ƙofar baya ta ɓarawo ce. Kuma filin ka gan shi, duk ƙofar da na ƙara, ɗakin wani za ta ci. Wanda ya taɓa mini zane, ɗakinsa ya taɓa."

Labo ya ce to. Amma da aka zo bangon bayan ɗakinsa, mai kallon lungu, daga ƙasa zuwa ƙugu da laka ya jera bulon maimakon siminti, ya bi da shafe siriri ya rufe.

Daga nan tsoronsa ya haihu, ya zama biyu: ƙarar babur da hannun Hajiya. Bayan sun tare, duk sanda ta zo duba gida ta doshi bangon nan, sai ya hau yi mata hirar farashin masara. Tani ko tsintsiya ba ta isa ta jingina a wurin ba. In an kore su, ina za su? Ƙauyen ma ciyawa ta cinye shi.

Wata Juma'a bayan la'asar, yana tsaka da cin tuwo, ya ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, rugugi guda, kuma suka ci birki daidai ƙofar gidan. Labo bai tsaya tambaya ba. Ya wawuri Raudatu, ya ce, "Tani, biyo ni," ya ɗirka wa bango ƙafa. Bulo ya zube, shi ma ya bi, sai cikin kwata, yarinya a sama da kansa, bakinsa na salati.

Ashe 'yan acaba ne suka rako ango gidan da ke kallonsu.

Hajiya Rashida ta iso, Labo na tsaye a bakin ramin. Ta tsuguna ta murza lakar a yatsa. Sai Iya Tasalla, tsohuwar ɗakin kusa da famfo, ta zura kai ta ramin ta leƙa lungu.

"'Yar nan, tun da muka tare ban yi barcin kirki ba. Ki bar mana ramin nan."

Cikin sauran matan ba wadda ta yi dariya. Hajiya ta daɗe tana duban su.

"Malam Labo, na faɗa maka ɗakin wani za ta ci."

Ya dafa abin da ya rage na bango.

"Naka ta ci," in ji Hajiya. "Rabi."

Aka yanke ɗakin, rabi ya zama hanya mai ƙofa da sakata ta ciki. Rabin da ya rage masa, in ya yi miƙa ƙafarsa sai ta gaida maƙwabta, Tani kuwa ba ta daina mita ba. Kuma shi aka ba riƙon ƙofar, wato matsoracin Funtua kaf shi ne maigadi.

Har gobe, in babura suka haura biyu a layin, za ka tarar da shi tsaye, hannu a kan sakata, yana bin yaran gidan da ido ko akwai wanda ba ya nan.