Badalin Hayaƙi

A Jidda aka haife ni, kuma tun ina yaro na san badali, wato mutum ya yi aikin Hajji a madadin mamaci ko wanda ciwo ya kayar. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi wa mutane da dama. Ban taɓa jin an yi wa hayaƙi badali ba sai da na yi tuƙi a gidan wani mai masana'antar siminti a unguwar Abhur.

Akwai mai dafa abinci a gidan, mutuniyar Nijar, tana kirana Kawu. Wata rana ta same ni ina wanke mota, idanunta sun yi ja. Ta ce an kewaye dajin ƙauyensu da waya, an dasa itatuwa, an hana kiwo. Wai kamfanonin wasu ƙasashe ne suka biya, don itatuwan su shanye hayaƙin da suke fitarwa. Tsohonta kuwa ba shi da komai sai awaki, ga shi sun fara mutuwa.

"Kawu, na ji maigida yana sayen irin wannan abu. Ka roƙar mini shi ya sa baki, a bar wa Baba ko gefen fadama."

Na bari sai da muka fito daga masallacin Juma'a, lokacin da zukata suke da taushi, sannan na faɗa masa a mota.

Ya yi dariya har yana dukan kujera. "Ashe uban kukuna ne yake yi mini badali."

Na ce, "Ya ammi," kamar yadda ake kiran manya a can, "mai badali da yardarsa yake tafiya. Wannan ba a tambaye shi ba."

"Ni ban san ƙauyensu ba, iska na saya. Halas, magana ta ƙare. Ƙara sanyin motar."

Ranar da baƙinsa suka zo cin abinci, ya sa aka kira mai dafa abincin falo.

"Kun gan ta nan? Ni ina hayaƙi, babanta yana azumi, shi da awakinsa."

Suka yi ta dariya. Ta tsaya har suka gama, sannan ta zuba musu gahawa.

Tsohon ya sayar da ragowar awakin a wulaƙance, ya koma gari yana zaman banza. A da tana cewa iƙamarta, takardar zama, tana ƙarewa za ta koma gida. Yanzu albashinta ne abincin tsohon. Da lokacin ya zo, ita da kanta ta durƙusa ta roƙi maigida ya sabunta mata. Ya ce zai duba.