Kofin da na ɗaura wa zare

Tun 'yata ba ta cika wata uku ba nake tsoron kada ta kwashi wata cuta a hannun mutane. Ko atishawa aka yi a tsakar gida, sai na ƙanƙame ta.

A gidan hayarmu na hanyar Shabu ban san kowa ba, mijina kuma ɗan acaɓa ne, sai yamma nake ganinsa. Mutum ɗaya ce ke leƙo ni, matar ɗakin da ke kallon namu, 'yar garin Awe. Anti nake ce mata.

"Maman Bebi, kawo ta nan," in ji ta. "Je ki yi wanka, kin fara tsamin nono." Sai ta karɓe ta tana yi mata rawa.

Wata Laraba Anti ta faɗi a bakin rijiya, jiki na karkarwa, kumfa a baki. Farfaɗiya ce. Matan gida suka watse, wata na cewa duk wanda yawun ya taɓa ya ɗauka. Ni ma na shige ɗaki na turo ƙofa. Ita kaɗai ta tashi ta kakkaɓe zaninta.

Washegari na ɗaura jan zare a hannun wani kofi, na ware mata shi. Da ta leƙo na ba ta ruwa a ciki, ta ga zaren. Ta sha ruwan, ta ce, "Na gode, Maman Bebi." Ba ta ƙara miƙa wa yarinyar hannu ba.

Na riƙa ce wa kaina don 'yata na yi. Amma ranar rigakafi na tambayi nas, ta ce ba a ɗauka, ko ta yawu ko ta kofi. Na dawo gida ban kwance zaren ba. Na ce ai ba nas ɗin ce za ta yi mini jinya ba. Gaskiya kuwa, tun da na guji Anti matan gida suka fara matsa mini wuri a tabarmarsu, ni kuma ina son wurin.

Da damina Anti ta koma Awe wajen uwarta. Ta bar mini ƙullin gishirin garinsu a taga, ba ta yi mini sallama ba. A tabarmar nan kuwa, har yau babu wadda ta ce in kawo yarinya in je in yi wanka.

Idan wata ta faɗi a gabanki, don Allah kada ki gudu. Ki sa mata zani ƙarƙashin kai, ki zauna har ta farfaɗo. Ruwan da za ki ba ta, ki ba ta a kofin da kike sha.