Wa Zai Goya Inna?

Ƙauyenmu can gabas da Kano yashi ne zalla. Dutse mafi girma da na sani kafin in bar gida shi ne dutsen niƙan mahaifiyata, shi ma daga wani gari aka kawo shi a kan jaki. Shi ya sa ba na ganin laifin maigidana da ya zo Makka, ya ga wani dutse kamar rumbu biyu a haɗe yana leƙe daga gefen tsauni, ya ce ga inuwa ta samu, ya kafa mana gida a ƙarƙashinsa.

Mu uku muka zo ta Sudan: ni, da maigidana, da mahaifiyata da muke kira Inna. Muka sauke farali muka yi zamanmu, ba mu da takardar zama, wadda a nan ake ce wa iƙama. A Makka ta wancan lokaci, wajen alif ɗari tara da sittin da 'yan kai, mai takarda yana zaune a ƙasa, marar takarda sai ya yi ta hawa. Mu mun hau har inda akuya ma sai ta tsaya ta yi shawara. Gidan ɗaki biyu ne na kwano da katakon akwati. Ɗakin Inna shi ne na baya, wanda ya jingina da dutsen, don ya fi sanyi. Maigidana ga-ruwa ne. Yana saɓa sanda mai garwa biyu, ya ɗebo ruwa daga famfon unguwa a ƙasa, ya hau da shi gida-gida tun daga asuba.

Tsakaninsa da Inna akwai kunya irin ta surukai, kuma ba ƙarama ba. Shekara bakwai suna gida ɗaya, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa taka ɗakinta ba, ita kuma ba ta taɓa kama sunansa ba. In zai gaishe ta, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa yana kallon ƙasa. Duk wata magana bayan gaisuwa ta kaina take bi. Inna za ta ce, “A gaya masa gishiri ya ƙare.” Shi kuma daga bayan kwano ya ce, “A gaya wa Inna za a kawo.” Kwano ɗaya ne tsakaninsu, ko atishawa aka yi ana ji, amma sai na maimaita. Wani lokaci abin yana ba ni haushi, musamman in ina tsakiyar tuƙa tuwo. Amma ba zan ɓoye ba, ina alfahari da shi a gaban matan unguwa.

A shekarun nan ana ta fasa duwatsu ana buɗe hanyoyin mota. Ranar farko da aka tashi nakiya kusa da mu, ƙasa ta girgiza, kwanukana suka zubo daga kan akwati. Inna ta ce alƙiyama ce, ta jawo buta ta yi alwala. Da aka gaya mata nakiya ce, sai ta ce ita nakiyar da ta sani ta shinkafa ce da zuma, ba ta taɓa jin ta kayar da kwano ba.

Washegari maƙwabcinmu ya hauro. Wani tsoho ne Bayamane, magini, muna ce masa Ammu. A tsauni aka haife shi, yana kallon dutse yadda mahauci ke kallon bijimi. Ya zagaya dutsen namu sau biyu, sannan ya tsuguna ya tura yatsa a ƙasar da ke gindinsa, ya ji ta da laima.

“Wa ke zuba moya a nan?”

Moya ruwa ke nan da Larabci. Na ce ni ce. Ruwan wanke-wanke ne, a bayan ɗaki ake zubarwa, haka na tashi na gani.

“A bayan ɗaki a garinku, ya binti. Nan ƙasar da kike jiƙawa ita ke riƙe da abin da ke saman kan uwarki.”

Na ji zafin maganar, na so in ce masa shekara bakwai ina zubawa ba abin da ya faru. Sai na ɗaga kai na dubi dutsen, na haɗiye.

Ya ce in kawo masa finjalin shayi. Na ɗauka sha zai yi, na ce bari in ɗora ruwa. Ya ce a'a, finjalin kawai. Ya cusa shi a wata 'yar tsaga tsakanin dutsen da fa, wato falalen dutsen da yake zaune a kai, ya tokare shi da tsakuwa har ya matse. Ya ce kullum da safe a duba, bayan kowace nakiya a duba, in hadari ya haɗu a duba. Ranar da aka ga ya fashe, to dutse ya motsa, kada a tsaya ɗaukar tukunya. Kuma kada mu kuskura mu bi hanyar gangare, don ita dutsen ma zai bi, kuma ya fi mu sauri. Ya nuna mana wata siririyar hanya da ta yi gefe, ta bi ta bakin rami zuwa wani fa mai faɗi inda aka gina ɗan masallacin unguwa. Duk muka gyaɗa kai. Sai ya leƙa ɗakin Inna, ya dubi gwiwoyinta, ya dubi cikina, lokacin ina da wata huɗu.

“Ɗayyib. Wa zai goya tsohuwa?”

Maigidana ya samu wata tsakuwa a ƙasa ya ƙura mata ido. Inna ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. Ammu ya sake tambaya, yana zaton Larabcin ne ba mu gane ba. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani cewa a wurinmu mijin 'ya ba ya taɓa ko gefen zanen surukarsa, balle ya goya ta. Ya dubi maigidana, mutumin da ke hawa tsaunin nan da garwa biyu sau goma a rana, ya ce, “La haula,” ya sauka abinsa.

Inna ba ta iya wannan hanya da ƙafarta, kowa ya sani. Jaki ba ya bi ta wurin. Da rana mazan unguwa duk suna ƙasa wajen nema, Ammu kuwa da kyar yake ɗaukar kansa. Tashi daga gidan ba zance ba ne, don babu inda za mu, kuma marar iƙama ba ya kai ƙarar dutse wajen hukuma. Maigidana ne kawai, kuma shi ne kawai ba zai yiwu ba.

Na zauna da Inna na lallashe ta. Ta ce, “Ni dama mutuwa na zo yi Makka. Ko dutse ko zazzaɓi, duk ɗaya.”

Na ce, “Inna, wadda dutse ya danne ko wanka ba a iya yi mata.”

Ta ce, “Sai a yi mini taimama.”

Na fita na yi kuka a bayan ɗaki, na fushi da na tsoro a haɗe, ina lura kada in jiƙa gindin dutse.

Maigidana bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Amma daga ranar, in ya dawo da la'asar sai ya goya buhun gawayi ya bi siririyar hanyar har masallaci ya dawo. Ya koyi inda zai sa ƙafa da inda zai dafa. Inna tana kallonsa ta hudar kwano. A rana ta uku ta ce, “A tambaye shi, wancan buhun ni ce?”

“A gaya wa Inna gawayi ne.”

“A gaya masa ban kai haka nauyi ba.”

Washegari ya rage gawayin. Maganar ba ta wuce nan ba.

Wata uku muna duba finjali. Yana nan lafiya lau, har ƙura ta cika shi. Na fara jin haushin Ammu, don in baƙi suka zo sai ɗaya ya jira wani ya gama shan shayi.

Rannan cikin hunturu, bayan azahar, hadari ya haɗu. Ruwan sama a Makka baƙo ne, wata shekara ko ɗigo ba a gani. Da ya tsinke sai na yi abin da kowace Bahaushiya za ta yi: na fito da duk wani mazubi da ke gidan ina jerawa a ƙarƙashin kwano, ina ta murna. Finjali ko a raina. Ina cikin haka na hango maigidana yana haurowa da gudu, ba sanda ba garwa. Ban taɓa ganinsa da rana hannu sake ba. Daga ƙasa ya ga jan ruwa yana gangarowa ta saman gidanmu. Ya wuce ni ya zagaya baya, ya dawo ya buɗe tafin hannunsa. Garin gilashin finjalin ne.

Ƙananan duwatsu suka fara sauka a kan rufi, ƙas, ƙas. Daga can gefe Ammu yana kwarara ihu, “Barra! Barra!” wato mu fita. Na shiga ɗakin Inna na tarar da ita a kan tabarma da carbi a hannu, ta ɗaura sabon kallabi. Maigidana ya zo bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi a cikin wannan ruwa, ya durƙusa.

“A gaya wa Inna lokaci ya yi.”

“A gaya masa ya tafi da iyalinsa. Na yafe.”

Ban maimaita wa kowa komai ba. Na ce da su duka biyun kunyarsu ta banza ce, na faɗi wasu maganganun da har yau nake istigfari a kansu. Na zauna a ƙasa da cikina wata bakwai na ce to ni ma ba inda za ni, dutsen ya haɗa mu uku. Inna ta dubi cikin. Na ga tana so ta tashi. Amma ta kalli wanda ke bakin ƙofa ta kasa, shi ma ya kasa ɗago kai.

Sai ya miƙe. Ya mayar da takalminsa. Ya warware rawaninsa ya naɗe fuska, ido kawai a waje, ya shigo ɗakin da takalmi. A Harami akwai 'yan dako masu ɗaukar tsofaffi a kan makara ta katako su yi musu ɗawafi, ba ruwansu da ko ke uwar wace ce, kuma Inna ta sha hawa. Da irin muryarsu ya yi magana, murya mai kaushi da ban san yana da ita ba.

“Yalla ya Hajja! Gumi, irkabi!” Wato ta tashi ta hau. Ya juya mata baya ya tsuguna.

Inna ta dube shi na ɗan lokaci. Sannan ta rataya carbinta a wuya, ta ce da Larabcinta na sayen tumatir, “Shuwayya-shuwayya, ya walad.” Wato a hankali, yaro. Ta kama wuyansa.

Na bi su a baya ina dafa dutse. Ruwa yana dukanmu, ƙasa tana santsi, rami a hannun hagu. Shi kuwa yana ta ihu, “Ɗariƙ! Ɗariƙ!” yadda 'yan dakon ke neman hanya a cikin cunkoso, alhali ba kowa a gabansa. Inna tana yi masa faɗa da Larabci ya bi a hankali, yana mayar mata da cewa ta yi shiru ta riƙe da kyau. A iya zamansu ban taɓa jin sun yi doguwar hira haka ba.

Muka isa masallaci, ya sauke ta a rumfa, ya zagaya baya. Dutsen bai faɗo nan take ba. Mun tsaya muna kallonsa har aka kusa kiran la'asar, har na fara jin nauyin mutane. Sannan ya zame. Bai yi ƙara yadda na zata ba. Ya taho a hankali ya zauna a kan ɗakin Inna, ya mayar da shi kamar faifai, ya tsaya a nan. Sai Inna ta ce butarta tana ciki.

Can maigidana ya fito daga bayan masallaci, fuska a buɗe. Ya tuɓe takalmi daga nesa ya durƙusa.

“A yi wa Inna barka da arziki.”

“A ce masa barkanmu dai,” in ji Inna. “A tambaye shi, ina Balaraben nan da ya ɗauko ni?”

“A gaya wa Inna ya tafi.”

“To. Allah ya yi masa albarka duk inda yake.”

Matar Ammu ta ɗauke mu zuwa ɗakinta, ta ba mu busassun zannuwa. Ina goge wa Inna ƙafa na ji jikinta yana rawa, na ɗauka sanyi ne. Da na ɗago na ga kuka take yi, ita da ban ga hawayenta ba ko ranar da muka bar gida. Na ce, “Inna, ai mun tsira.”

Ta kama hannuna ta ɗora a kan kafaɗata, ta danna.

“Nan, da nan,” ta ce. “Kafaɗarsa duk ta yi kanta, tauri kamar ƙafar raƙumi, wani wurin ma a fashe. Shekara bakwai ina shan ruwan nan ina alwala da shi, ban taɓa sani ba.”

Ta share fuska da gefen zane, ta ce in tambayi matar Ammu ko tana da man shanu, in je in shafa masa. Na miƙe zan fita, sai ta sake kirana.

“Kada ki ce ni na ce.”