Kofur Maina da Tankar da Ta Nutse

Shekara takwas ke nan da rasuwar aminina Kofur Maina, amma har yau in an ambace shi a kasuwar Haɗejiya sai wani ya ce, "Wanda ya nutsar da tanka?" Na gaji da jin wannan tambaya.

A wurin yaƙi Maina ya koyi tuƙin tanka. Da yaƙi ya ƙare, Turawa suka sauke wata daga jirgin ƙasa a Malam Madori, an cire mata bindiga da hular ƙarfen nan mai juyawa, wai za ta ja garma a fadama a noma shinkafa. Na ga irinta a Masar, na gani a Sudan, duk a kan rairayi da tsandauri. Ƙafarta sarƙa ce mai faɗi don nauyinta ya bazu. Sai dai maƙeranta ba su san lakar fadamar garin Baturiya ba, wadda samanta ƙanzo ne, ƙasanta kunu.

Ni ne tafintan Baturen gona ranar da aka kai tankar fadamar. Maina ya sauko ya soka gora yadda masunta ke yi, ta shige har kusan ƙarshe. Ya ce, "Malam, gaya masa a bari sai nan da wata biyu, ƙasar ba ta yi ba." Na gaya wa Baturen gona. Ya dubi agogo, ya ce a shiga. Soja ba ya musu. Tankar ba ta yi taku ɗari ba ta nutse har wuya.

Da aka zauna bincike, Baturen ya ce ba wanda ya gargaɗe shi. Maina ya dube ni. Na tuna aikina da iyalina, na sunkuyar da kai. Aka kori Maina, ya koma gyaran keke har ya rasu.

Sau ɗaya tak ya taɓa zancen, yana dariya: "Mai harsuna biyar, ran nan duk kiwo suka tafi?"

Yanzu ko'ina zancen mulkin kai ake yi, ga sababbin injinan noma. Da yana raye, na san zai tambaya ko masu karɓar kujerun za su saurari na ƙasa da su.

Bai bar gona ba, bai bar gida ba, sai 'ya ɗaya da ta girma tana jin ana yi wa ubanta ba'a. Falmata, sa a karanta miki wannan a bainar jama'a. Babanki ya faɗa. Da kunnena na ji, da bakina na fassara.