Kumburin da Ya Cinye Kitsen 'Yata

Ni mai turkar raguna ce, hannuna ya san kitse. Shekarar da 'yata ta haihu a Ƙarfi, nononta ya kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka. Kullum in na matsa damtsenta sai in ji ya ƙara saki, har awarwaron hannunta ya fara zamewa, alhali tana shan kunun kanwa, tana cin nama. Na kasa zama, in shiga in fita.

Uwar mijinta ta ce, "Yaya, a ƙara mata man shanu."

Na ce, "Kumburin muke ciyarwa, ba ita ba."

Ban jira arba'in ba, na sa ta a motar auduga sai asibitin Malumfashi. Aka tsaga, aka matse mugunya. Sai wajen bazara awarwaronta ya daina zamewa.