Littafin da Kaka Ya Hana Shi Ƙarewa

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, mun idar da La'asar. Mu uku ne a tsakar gida: ni, da mai ɗakina, da autarmu. Muna ɓare gyaɗar iri. Autar ta jingina wayarta a jikin kwano, wata mata a ciki tana karanta mana littafi, irin waɗanda ake turo wa mutane yanzu kashi-kashi. Muryar matar a natse take, tana ba kowace kalma haƙƙinta. Can sai yarinyar ta miƙa hannu ta taɓa wani wuri, muryar ta kama gudu kamar an biyo ta. Na tambayi dalili, ta ce labarin da tsawo, so take ta ji yadda za a ƙare kafin Magariba.

"Mayar da shi baya," na ce mata. "Koma inda muka tsaya."

Ina rufe baki na gane maganar ba tawa ba ce. Ta kakana ce, mahaifin babana, Allah ya jiƙansa. Bari in ba ka labarin bi da bi, don ni ba na son zancen da aka faro daga tsakiya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Minjibir da Ungogo. A wajenmu gona manne take da gona, ba fegin da ake bari ya huta ko shekara guda. Saboda haka taki ne ran gona. Da an gama kaka, Baba zai ɗora wa jakai itace ya nufi bakin birni da asuba, ya sayar, ya ciko mangala da toka da shara da kashin dabbobi, ya dawo gab da faɗuwar rana. A zube shi tsibi-tsibi a gona, gobe a sake komawa, har ruwa ya sauka. Shi da ƙanensa suke wannan aiki. A shekarar da na shiga aji shida na firamare, ƙanen ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba. Jakai huɗu suka rage wa mutum ɗaya.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama da ni hira, ba kuma za ta buɗe baki ta roƙa mini wani abu a gaban mutane ba, ko da abin yana cin ranta. Baba ma bai cika duban fuskata ba in yana magana. Wanda nake sakewa da shi a gidan mutum ɗaya ne, Kaka. Shi yana ce mini ɗan boko, ni ina ce masa tsoho, mu yi ta tsokanar juna.

A lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Wuninsa a gindin darbejiyar ƙofar gida yake, a kan buzu, yana tufka igiyar rama a cinyarsa. Ina jin warin jiƙaƙƙiyar ramar nan har yau. Yana da ƙaramar rediyo, kuma abin da ya fi so a cikinta shi ne lokacin da ake karanta littafi. Batir kuwa ba kullum ake samu ba. Ni nake jera masa tsofaffin a kan katanga su sha rana, a mayar, su yi ɗan motsi, sannan su mutu ana tsakiyar labari. Sai ya jijjiga rediyon ya ce mata marar mutunci.

Ganin haka na roƙi malamin ajinmu ya ara mini littafi daga akwatin makaranta. Ya ba ni wani da bangonsa ya cire, ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta ba. Wani dattijo ne yake ba da labarin rayuwarsa, yadda ya yi fataucin goro da jakai tun yana saurayi. Malam ya ja mini kunne cewa littafin na 'yan makaranta ne, ranar da na daina zuwa, ranar zan mayar.

Kwana uku da fara karatunmu, Baba ya zo ya durƙusa a gefen buzun Kaka. Ina zaune da littafin a hannu, amma ya yi magana kamar ba na wurin. Ya ce taki ba zai jira ba, shi kaɗai ba zai iya ba, yaron nan ya iya karatu da rubutu, ya isa haka, zai cire shi ya kama jakai. Saura watanni in zauna jarrabawar fita. Wanda bai zauna ba, shekara shida ta tafi ba takarda.

Kaka bai daina tufka ba. Sai da ya kai ƙarshen zaren da ke hannunsa sannan ya ce, "Ɗanka ne, ka yi yadda ka ga ya dace. Amma ya ɗauko mini littafi, mun fara. Bari ya ƙarasa mini, sannan ka ɗauke shi."

Baba ya dubi littafin. Kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba. Ya ce, "To, Baba." A wajenmu in uba ya faɗi magana ɗa ya ce to, an ɗaure. Ba a dawowa a kwance.

Washegari Kaka ya kafa mini dokoki. Na farko, ba a karatu sai bayan La'asar, kuma da inuwar darbejiya ta taɓa katanga an rufe. Na biyu, ba na juya shafi sai ya ce juya. Na uku, kafin a fara na yau, sai na maimaita masa na jiya da bakina, ba tare da duba takarda ba. Ranar Juma'a babu karatu. Ranar kasuwa babu karatu. In baƙo ya zo gaisuwa, an tashi ke nan.

Waɗannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne katsalandan. Ba na yin layi biyar sai ya ɗaga hannu. In mai littafin ya ce sun ƙetare kogi da damina, Kaka zai ce ƙarya ne, in koma baya a ji da kyau. In na koma, sai ya ce to, wataƙila ta mashigin sama suka bi, ya kawo labarin wani kawunsa da ya taɓa bi ta can, har inuwa ta kai katanga. In an ambaci jaki, sai ya tambaya ko jakin nan ne mai ɗingishi na makon jiya. In na ce ban sani ba, sai a koma makon jiya a nemo. Ni kuwa tun ina yaro mutum ne mai son abu ya tafi a jere, ɗaya, biyu, uku, a gama a tashi. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Wata rana na ƙudura sai na ci shafi goma. Na kama karatu ba numfashi, ina haɗiye kalmomi. Sai na ji bakin igiya a ƙwaurina, tsal.

"Ɗan boko, wa ya biyo ka?"

Na ce, "Tsoho, kai ne ba ka gane karatu. A aji da tuni mun gama."

"A aji kuna da yawa, kowa ya ɗauki kaɗan. Nan ni kaɗai ne, dole in ɗauke duka. Koma inda muka tsaya."

Na shiga gida ina ƙunƙuni. Inna tana bakin murhu, ba ta dube ni ba. Ta juya wajen ƙanwata da ke tsince wake, ta ce da ita da ƙarfin da zan ji, "Gaya wa wancan, ranar da littafin nan ya ƙare, ranar zai kama jaki." Ta ci gaba da hura wuta. Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan karatuna, kuma ya isa. Daga ranar ban sake yin sauri ba. In Kaka ya manta bai katse ni ba, ni da kaina nake tsayawa in tambaye shi mene ne zango, mene ne madugu, ko da na sani.

Kada ka ɗauka abin wasa ne kawai. Ina ganin Baba yana dawowa kullum da yamma, toka ta rufe shi har gira, faso ya tsattsage masa dugadugai. Jakai biyu yake iya korawa, biyu suna ɗaure a turke suna cin harawa a banza. Asabar da Lahadi ina bin sa, mu fita da duka huɗun, amma kwana biyu ba sa cike gurbin biyar. In ya wuce mu a gindin darbejiya sai ya yi sallama ya shige. Tsibin taki a gonakin maƙwabta yana ta yawa, namu jefi-jefi.

Duk jan da Kaka yake yi, littafi yana da ƙarshe. Bazara ta shigo, zafi ya sauko, darbejiya ta yi fure, ƙamshinsa ya cika ƙofar gida. Na lissafa abin da ya rage, shafi huɗu ne, jarrabawa kuwa saura fiye da wata. Ranar Baba ya dawo da wuri. Ya ɗaure jakai, ya wanke ƙafa, ya zo ya zauna a bakin tabarma, abin da bai taɓa yi ba. Ya karɓi littafin daga hannuna, ya kama 'yan shafukan da suka rage da yatsa biyu, ya miƙo mini. Ya ce yau shi ma ya zo jin ƙarshen labarin nan.

Na dubi Kaka, shi kuwa fuskarsa tana sama kamar kullum, hannunsa yana kan igiya.

"Madalla," ya ce. "Ashe kai ma kana so. Ka san wane ne madugun?"

Baba ya ce bai sani ba.

"Ka san dalilin da ya sa suka bar jaki ɗaya a zango?"

Baba ya ce a'a.

"To ina amfanin ƙarshe ga wanda bai ji farko ba? Ba za a yi wannan rashin adalci a ƙofar gidana ba. Ɗan boko, koma shafin farko. Ubanka bai ji ba."

A cikin gida na ji taɓarya ta tsaya. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon fason ƙafarsa, kafaɗunsa suka fara motsi. Na ɗauka fushi ne, ashe dariya ce yake dannewa. Ya goge ido da bakin riga ya ce, "To, Baba." Na buɗe shafin farko.

Daga ranar, duk yammar da ya samu dawowa da wuri sai ya zauna. Ranar da bai dawo da wuri ba, Kaka ya ce ba za a ci gaba a bar shi a baya ba. Kafin mako biyu Baba ya fi Kaka gardama, don shi ya san jaki ciki da waje, kuma bai yarda a ce jaki ya yi tafiyar da mai littafin ya faɗa da irin wannan kaya ba. Su yi ta musu, ni ina riƙe da yatsa a kan layi. A bayan zana kuwa dakan Inna yakan yi sanyi duk lokacin da labari ya yi daɗi.

Na zauna jarrabawa. Ruwa ya riga ya sauka, an yi shuka, lokacin taki ya wuce. Bayan kwana kaɗan muka kai shafin ƙarshe, inda dattijon ya dawo garinsu ya sayar da jakansa ya zauna. Na rufe. Kaka ya gyaɗa kai ya ce haka ne, ba su canja komai ba, a rediyo ma haka ya ƙare. Na ce wace rediyo? Ya ce ai ya ji littafin nan kaf tun ban iya ɗaura wando ba.

Washegari na mayar wa Malam littafinsa, na ɗauki fartanya. Gonarmu ta gabas ba ta sami taki ba a shekarar, dawarta ta fito siririya, kuma mun ji a tukunya kafin wata kakar. Baba bai taɓa ɗora mini wannan ba, ko sau ɗaya. Ban wuce firamare ba. Amma da takardar nan na sami aikin rubuta kati a ɗakin shan magani na yankinmu, na yi shi har na ajiye, kuma duk 'ya'yana sun wuce inda na tsaya.

Yanzu nawa idon ya fara gajiya, ƙananan baƙaƙe suna haɗe mini. Don haka ba za ka ji ina zagin wayar nan ba. Alheri ce. Ina sa ta a aljihu in tafi gona, ina jin ta a mota in za ni kasuwa. Littattafan da na ji da kunne a 'yan shekarun nan sun fi waɗanda na karanta da ido tun tasowata, kuma babu batir da ake shanyawa a katanga. Sai dai matar da ke cikin wayar ba ta san wanda ke sauraronta ba. Ba ta san ko ya gane ba, ba ta san abin da zai same shi in ta gama ba. In ka ce mata ƙarya ne, ba ta tsayawa. Mai tsayar da ita shi ne wanda yake zaune kusa da kai.

Autar ta mayar da karatun baya tana turo baki. Uwarta ta yi dariya ta ce yau ga tsoho ya dawo. Gyaɗa ta ƙare, aka kira Magariba, labari bai ko kai rabi ba, kuma ban ga wanda ya rasa komai ba.

Ga abin da nake roƙonka, kai mai karanta wannan. In akwai dattijo ko dattijuwa a gidanku da ido ya gaza, kada ka miƙa masa waya ka tashi. Zauna. In kana da littafi, karanta masa da bakinka. In waya ce, riƙe ta a hannunka. Kuma in ya ce ka koma baya, ka koma, kada ka tambaye shi dalili.