Jakar da Ke Saman Kabad

Gardamar da Na-Ajiye ya sha kaye a cikinta, da matarsa ya yi ta. Zai yi tafiya, ya ce ta haɗa masa komai a babban akwati. Da ya sauka ya buɗe, babu jakar magungunansa, sai 'yar takarda: "Tana saman kabad, ɓangaren hagu." Ya bugo waya yana huci.

"Baban yara," in ji ta, "ba kai ke cewa wanda ya san inda abu yake bai yi asara ba? To, ka sani. Sha haƙuri."

Kwana uku ya yi da ciwon ciki.

Na-Ajiye dai shi ne mai kula da ma'ajiyar aiki a ofishin masu rubuta manhaja, wato rumbun kwamfuta da ke tuna duk gyaran da kowa ya yi. Shekara goma sha biyu a kujera ɗaya, har ta ɗauki siffar mazaunansa. Ko gaishe shi ka yi, sai ya ce, "Na ajiye."

Wata safiya Oga, shugaban ofishin, ya sauke aikin wata shida daga ma'ajiyar zuwa kwamfutarsa don nuna wa masu saye. Ya buɗe jakar fayilolin da ta fi muhimmanci, fayau, ko ƙura babu. Ya fito yana gumi.

"Kai, Na-Ajiye! Kwashe kayanka yau."

Bawan Allah ya leƙa allon kwamfutar Oga, sai takardar matarsa ta faɗo masa a rai. Jakar nan ai ma'ajiya ce mai zaman kanta da aka cusa cikin babbar. Babbar kuwa ba ta haɗiye ƙarama, adireshinta kawai take rubutawa, da lambar gyaran da aka tsaya a kai. Ya buga umarni guda, fayiloli suka zubo reras.

Oga ya ji kunya, amma shugaba ba ya ja da baya a gaban ma'aikata.

"Shirme ne! Mene ne amfanin babba da ba ya ɗauke da komai sai lambar ƙananansa?"

Na-Ajiye ya gyara zama a tsohuwar kujerarsa.

"Ranka ya daɗe, kai ma lambobinmu kawai ke cikin wayarka. Aikin yana wurinmu, kuma ba mu taɓa cewa ba ka da amfani ba."